Yadda matashin arewacin Kamaru zai gina sana'ar kwamfuta har ta kai shi aiki a ƙasar waje ta halaltacciyar hanya

A ƙarshen daminar bara ɗan yayata ya same ni a ƙofar gida, a unguwar Yelwa ta Garwa, bayan sallar la'asar. Da muka gaisa sai ya miƙo mini wayarsa ya ce, "Kawu, duba wannan. Mutumin ya ce in na kawo sefa miliyan biyu zai samo mini aikin kwamfuta a Kanada cikin wata uku." Na karanta saƙon, na mayar masa da wayar, na tambaye shi wace takarda yake da ita a hannu wadda za ta shaida wa baƙon da bai taɓa ganinsa ba cewa ya iya aikin. Ya yi shiru. Yaron nan shekara uku ke nan yana ja wa ofisoshi da shaguna wayoyin intanet, yana saita na'urorin da ke rarraba ta, kuma duk wanda kwamfutarsa ta ƙi tashi a layinmu wurinsa yake kai ta. Amma ba shi da kwantaragi ko ɗaya, ba shi da takardar albashi, kuma sunan da ke kan takardar haihuwarsa ya sha bamban da wanda ke kan takardar bakaloriyarsa, wato shaidar kammala sakandare.

Ban yi masa faɗa ba, domin ni ma na taɓa faɗawa wannan ramin. Na yi shekara huɗu ina kula da kwamfutocin wani kamfanin jigilar kaya, ana ba ni albashina cikin ambulan kowane ƙarshen wata, ina ganin tunda akwai amana tsakanina da mai gida, neman takarda rashin kunya ne. Ranar da na buƙaci shaidar waɗannan shekaru kamfanin ya riga ya rufe, mai shi ya koma kudu, lambarsa kuma ba ta shiga. Shekara huɗu suka bi ruwa. Jami'in da zai duba buƙatarka a Kanada ko Jamus ba zai taɓa ganinka zaune gaban kwamfuta ba. Abin da zai gani shi ne abin da aka rubuta, aka sa wa hannu, aka buga wa hatimi. Saboda haka matakan da ke tafe sun ɗauki koyon sana'a da tara shaida a matsayin aiki guda, kuma duk da ina cewa "ka", 'yan'uwa mata ma da su nake.

Mataki na farko: san ƙofar da za ka ƙwanƙwasa

Kanada ce ta fi dacewa da yawancinmu, kuma dalilin Faransanci ne. Tun watan Janairun 2015 take gudanar da tsarin da ake kira Entrée express, inda mutum ke shigar da bayanansa ta intanet kyauta, a ba shi maki daga cikin 1,200 gwargwadon shekarunsa da karatunsa da ƙarfin harshensa da tsawon aikinsa, sannan lokaci-lokaci a gayyaci waɗanda makinsu ya kai wani mizani su nemi izinin zama na dindindin. Wanda ke nema daga waje ta shirin ƙwararrun ma'aikata na tarayya dole ne ya yi aƙalla shekara ɗaya cur, ba yankewa, yana aikin gwaninta da ake biyansa, wato awa 1,560 a cikin shekara goma da suka gabata. Ba sharaɗi ba ne sai wani kamfanin can ya yi masa tayin aiki. Hasali ma tun watan Maris na 2025 aka daina ƙara maki saboda tayin aiki, bayan da cinikin takardun bogi ya yi yawa. Wannan kaɗai ya isa ya nuna wa ɗan yayata abin da mai neman miliyan biyu ke sayarwa.

A 2023 aka fara ware zagaye na musamman ga wasu rukunoni, ciki har da masu Faransanci, kuma bambancin ba ƙarami ba ne: a farkon 2024 an yi zagayen masu Faransanci da makin shiga ya sauko ƙasa da 400, alhali zagayen kowa-da-kowa bai sauko ƙasa da 520 ba. Sai dai ƙa'idojin nan ba a kan dutse aka sassaƙa su ba. A Fabrairun 2025 an sake jerin sana'o'in kimiyya da fasaha da ake ware wa zagaye, aka cire masu rubuta manhaja, aka bar masu tsaron intanet. A kuma lura cewa lardin Kebek, inda aka fi jin Faransanci, yana da nasa tsarin zaɓen daban. Wanda ya shiga ta Entrée express zai zauna ne a wani lardin, kamar Ontariyo ko Manitoba, inda aikin yau da kullum yawanci da Ingilishi ake yinsa.

Jamus ita ce ƙofa ta biyu, kuma ta fi sauƙi ga gwanin da ba shi da digiri. Tun watan Nuwamban 2023 ma'aikacin fasahar kwamfuta da ya yi shekara uku yana aikin da ya kai matsayin na mai digiri, a cikin shekara bakwai da suka wuce, yana iya samun katin zama na ƙwararru da ake kira Shuɗin Kati, muddin wani kamfani ya ba shi kwantaragi na aƙalla wata shida da albashin da ya kai ƙa'ida, wanda a 2025 ya kai kusan Yuro 43,760 a shekara. Akwai kuma katin neman aiki, Chancenkarte, da aka fara bayarwa a watan Yunin 2024: mutum ya je ya zauna har shekara ɗaya yana neman aiki, yana da izinin yin ɗan aiki na awa 20 a mako, in ya tara maki shida kuma yana da Jamusanci na matakin farko ko Ingilishi mai ƙarfi. Amma sai ya nuna kuɗin ciyar da kansa, Yuro 1,091 a kowane wata a ƙa'idar 2025, wanda a shekara ya haura sefa miliyan takwas da rabi.

Sauran ba zan daɗe a kansu ba. Faransa tana da katin zama na masu baiwa tun 2016, mai kai shekara huɗu, amma yawancin namu da suka same shi ta hanyar karatu suka fara shiga. Ingila tana buƙatar kamfani mai lasisin ɗaukar baƙi da albashin da ya kai fam 41,700 tun Yulin 2025. Amurka kuwa bizarta ta ƙwararru guda 85,000 ce a shekara ga duniya baki ɗaya, ga 'yan'uwanmu na Chadi kuma an sanya ƙasarsu cikin waɗanda aka hana wa shiga a Yunin 2025. Shawarata ita ce ka riƙe ƙasa ɗaya a matsayin manufa, ɗaya kuma a matsayin madadi, domin taura biyu ba ta taunuwa.

Mataki na biyu: daidaita sunanka da ranar haihuwarka

Wannan shi ne matakin da kowa ke rainawa, kuma shi ne ya fi cinye lokaci. A nan arewa suna ɗaya yana iya fitowa da rubutu huɗu, gwargwadon kunnen magatakardan da ya rubuta shi: Mouhamadou a takardar haihuwa, Mohamadou a katin ɗan ƙasa, Mamoudou a makarantar firamare, Mahamat in an taɓa zama a Kusiri ko Njamena. Wani an sa sunan mahaifinsa a gaba a wannan takarda, a waccan kuma a baya. Mu mun san mutum ɗaya ne; na'urar da ke kwatanta takardu ba ta sani ba. Ka shimfiɗa takardar haihuwa da katin ɗan ƙasa da takardun makaranta tun daga BEPC, wato shaidar kammala ƙaramar sakandare, har zuwa ta ƙarshe a kan tabarma, ka bi su harafi bayan harafi. Takardar haihuwa ita ce uwa, sauran su za su bi ta. In kuskuren a jikinta yake, kotu ce ke ba da umarnin gyarawa; in kuma ba a taɓa yi maka ita ba, kamar yadda ya faru da mutane da yawa da aka haifa a ƙauye, sai ka nemi hukuncin kotu da ake kira jugement supplétif, sannan ofishin magajin garin da aka haife ka ya rubuta ta a rajista. Ka tabbatar da idonka cewa akwai tushenta a cikin littafin rajistar, domin an sha samun mai takarda a hannu wadda ba ta da asali a ko'ina.

Akwai kuma batun da ba a son faɗa a fili, wato rage shekaru. Mutane da dama an yi musu takardar haihuwa ta biyu domin shiga gasar neman aikin gwamnati ko domin sake zana jarrabawa. In kana cikinsu, ka nemi lauya ya warware maka wannan ƙulli kafin ka cike kowace takardar ƙasar waje. Kanada tana haramta wa wanda aka kama da bayanin ƙarya sake nema har shekara biyar, kuma ramin ƙarya ƙurarre ne. Gaskiya ne shekaru suna da maki: ɗan shekara 20 zuwa 29 shi ke samun mafi yawa, daga 30 yana raguwa kowace shekara, a 45 ya ƙare. Amma makin da ka rasa ta nan ana iya cike shi da harshe da karatu. Sai bayan komai ya daidaita za ka nemi fasfo, wanda kuɗinsa sefa 110,000 ne tun Yulin 2021, domin sunan da ya shiga fasfo shi zai bi ka zuwa kowace jarrabawa.

Mataki na uku: zaɓi fanni ɗaya ka nutse a cikinsa

"Na iya kwamfuta" ba sana'a ba ce. Kanada tana da kundin sana'o'i mai lambobi, kuma dole ka ce ga lambar da aikinka ya faɗa ciki: mai rubuta manhaja 21232 ne, mai tsaron intanet 21220, mai kula da sadarwar kwamfutoci 22220. Ka buɗe kundin ka karanta ayyukan da aka lissafa a ƙarƙashin lambar da ta ja hankalinka, domin wannan jerin shi ne manhajar karatunka ta shekaru uku masu zuwa.

A ra'ayina, kuma na san wasu abokan sana'a ba za su yarda ba, wanda ke zaune a Garwa ko Marwa ya fi kyau ya fara da sadarwar kwamfutoci da kula da manyan kwamfutocin ajiyar bayanai, sannan daga baya ya gangara zuwa tsaro. Dalilina shi ne wannan aikin ana biyansa a nan inda muke: bankuna da ƙananan cibiyoyin ba da lamuni da asibitoci da masana'antar auduga da ƙungiyoyin agaji da ke aiki a yankin Arewa Mai Nisa duk suna buƙatar wanda zai tsayar musu da sadarwa. Rubuta manhaja sana'a ce mai kyau, amma masu ɗaukar sabon shiga a cikinta sun fi yawa a Duwala da Yawunde da Buya, kuma tun da manyan kamfanonin duniya suka yi ta sallamar ma'aikata a 2022 da 2023, ga kuma ƙirƙirarriyar basira da ke yin ƙananan ayyukan da a da ake ba masu koyo, ƙofar ta ƙara ƙunci. Wanda zuciyarsa ke can ya bi ta, amma ya san cewa sai ya yi zurfi sosai kafin a waiwaye shi.

Game da makaranta, in kana da halin yin digiri ka yi. Jami'ar Ngaundare tana da cibiyar fasaha, Jami'ar Marwa da aka kafa a 2008 tana da babbar makarantar injiniyoyi, ga kuma Jami'ar Garwa da aka kafa a 2022. Digirin shekara uku yana ƙara maki a fili, na biyu kuma ya fi shi. Sai dai digiri ba ya koya wa hannu aiki, don haka ka haɗa shi da karatun kai: Linux, babbar manhajar da ke tafiyar da yawancin manyan kwamfutoci, tun daga tushe, darussan kamfanin Cisco da ke kai mutum ga jarrabawar CCNA ta ƙwarewa a sadarwar kwamfutoci, da harshen Python domin sarrafa ayyukan da ke maimaita kansu. Darasin CS50 na Jami'ar Harvard kyauta ne a intanet, haka ma freeCodeCamp, ga mai son Faransanci kuma akwai OpenClassrooms. Takardun shaidar kamfanoni irin su CCNA ba sa ƙara maki ko ɗaya a lissafin Kanada, amma su ne ke sa mai ɗaukar aiki ya kira ka, kuma aikin ne ke kawo makin.

Wanda bai zauna a nan ba ba zai gane cewa babban abokin hamayyar ɗalibi shi ne wuta da zafi ba. Lantarkin arewa ya daɗe yana dogaro da madatsar ruwa ta Lagdo da ke kan Binuwai, mai ƙarfin megawat 72, kuma idan ruwa ya ja baya da rani sai rabon wuta ya tsananta, a daidai watannin Maris da Afrilu da zafin Garwa ke haura digiri 40. Kada ka kashe duk kuɗinka kan kwamfuta mai tsada. Tsohuwar kwamfutar ofis ta tafi-da-gidanka mai ƙwaƙwalwar aiki gigabait 8 ta isa, sauran kuɗin ka sa a ƙaramin faifan hasken rana da batir. Ka sauke darussa da dare lokacin da data ke araha, ka yi karatu bayan asuba kafin rana ta ɗaga, ka ɗora kwamfutar a kan bulo biyu domin iska ta ratsa ƙarƙashinta. Ni na ƙona ɗaya a kan katifa kafin in koyi wannan.

Duk abin da ka gina ka ajiye shi a GitHub, shafin intanet da masu sana'ar ke ajiye ayyukansu kowa ya gani, da sunanka na gaskiya. Kada ka cika wurin da kwaikwayon darussa. Ka warware matsalar da ke gabanka. Manhajar da ke lissafa wa mai shagon hatsi a babbar kasuwa kayansa ko da babu intanet, ko wadda ke riƙe rajistar ɗaliban wata Islamiyya, ta fi burge mai tantancewa, domin zai iya tambayarka dalilin kowane zaɓi da ka yi kuma ka amsa.

Mataki na huɗu: nemi aikin da ke barin sawu

A nan ne zan fi tsayawa, domin a nan ne na yi asara. Sitaj, wato zaman koyon aiki, da ba a biyan kuɗi da aikin sa-kai ba sa shiga lissafin Kanada ko kaɗan. Ka yi su domin koyo, amma kada ka zauna cikinsu fiye da 'yan watanni. Abin da kake nema shi ne aiki mai kwantaragi a rubuce, mai takardar albashi kowane wata, wanda kuɗinsa ke shiga asusun banki, kuma mai gida ya yi maka rajista a CNPS, hukumar fansho da inshorar ma'aikata ta Kamaru. Aikin da ke biyan sefa 90,000 da waɗannan abubuwa huɗu ya fi wanda ke biyan 150,000 a hannu, ga mai niyyar tafiya. Na san nauyin faɗin haka ga wanda ke ciyar da iyaye da ƙanne, amma tun ran gini tun ran zane.

Ka lura da sunan muƙamin da aka rubuta maka. A ofisoshinmu sau da yawa ana ɗaukar mutum a matsayin magatakarda ko mai shigar da bayanai, alhali shi ke riƙe da sadarwar ginin gaba ɗaya. Muƙamin shigar da bayanai ba ya cikin ayyukan gwaninta da ake karɓa. Ka je wurin shugabanka cikin ladabi, tun kana cikin aikin kuma ana shiri, ka roƙi a rubuta abin da kake yi a zahiri. Wasiƙar shaidar aiki da ake buƙata dole ta kasance a kan takardar kamfani mai ɗauke da adireshi da lambar waya, ta faɗi muƙaminka da ranar farawa da ta gamawa da awannin aiki a mako da albashi da jerin ayyukanka, sannan shugaba ya sa hannu. Irin takardar da aka saba bayarwa, mai layi uku da ke cewa wane ya yi aiki da mu kuma mutumin kirki ne, ba ta da amfani a nan. Kada kuma ka kwafi jerin ayyukan daga kundin Kanada kalma da kalma, domin jami'an sun san kundinsu; ka rubuta naka da bakinka, da sunayen na'urorin da ka taɓa da hannunka. Ka karɓi wannan wasiƙa duk lokacin da za ka bar wani aiki, a makon da za ka tafi, ko da ba ka da niyyar zuwa ko'ina a lokacin.

Mai aikin kansa, irin ɗan yayata, shi ma yana da hanya, sai dai ta fi wahala. Sai ya yi rajistar sana'arsa, ya samu lambar biyan haraji, ya riƙa rubuta rasit mai lamba ga kowane aiki, ya karɓi kuɗi ta banki ko aƙalla ta Orange Money ko MoMo maimakon hannu da hannu, kuma ya samu wasiƙu daga manyan abokan cinikinsa da ke bayyana abin da ya yi musu da lokacin da ya yi. Shaidar da mutum ya rubuta wa kansa ba ta wadatarwa. Haka ma wanda ke yi wa kamfanin waje aiki daga gida ta intanet: ya adana kwantaragi da saƙonnin biya duka.

Shekara ɗaya ita ce mafi ƙaranci, amma shekara uku ce ke kai makin aikin waje ƙololuwa a lissafin Kanada, kuma ita ce dai Jamus ke nema ga marar digiri. Don haka ka tsara rayuwarka a kan uku. Ka ɗauki hoton kowace takarda ranar da ta shigo hannunka, ka ajiye kwafi a intanet, asalin kuma a cikin leda a akwatin ƙarfe, saboda gara da ruwan Agusta.

Mataki na biyar: harshe

Da yawa daga cikinmu mun tashi da Hausa da Fulatanci a gida, Faransanci kuma a makaranta, muna ganin mun iya shi tunda da shi muka yi bakaloriya. Jarrabawar TCF Canada da TEF Canada, waɗanda Kanada ke auna Faransancin mai nema da su, ba haka suke aunawa ba. Suna gwada ji da karatu da rubutu da magana, kowanne da agogo, kuma ana buƙatar mataki na 7 na ma'aunin harshe na Kanada a duka huɗun. In ɗaya ya gaza, sauran ba za su cece shi ba. A TCF mataki na 7 yana nufin maki 10 cikin 20 a rubutu da kuma a magana. Inda na fi ganin namu suna tuntuɓe shi ne ji, saboda saurin maganar da lafazin da kunne bai saba da shi ba, sai kuma sashen da ake cewa ka kare ra'ayinka a gaban mai jarrabawa, domin tarbiyyarmu ta hana mu jayayya da babba ido cikin ido. Ka saurari labaran RFI da na Radio-Canada kowace rana, ka rubuta shafi ɗaya kullum ka ba wani malamin Faransanci ya yi maka jan biro, ka nemi aboki ku riƙa muhawara da agogo a gabanku. Kada ka tsaya a 7 in kana iya kai 9, domin daga 9 ne makin karatu da na aiki ke ƙaruwa tare da na harshe.

Ingilishi kuwa riba biyu gare shi. Mai mataki na 7 a Faransanci yana samun ƙarin maki 25, in kuma ya haɗa da mataki na 5 a Ingilishi sai su zama 50. Sannan kusan duk littattafan sana'ar da Ingilishi aka rubuta su. Ingilishin kasuwa da muke yi da 'yan'uwanmu na Yola da Mubi ba zai wuce jarrabawar IELTS ba, amma tushe ne da za a iya ɗorawa a kai. Mai niyyar Jamus ya san cewa cibiyar Goethe tana Yawunde.

Sakamakon jarrabawar harshe shekara biyu kawai yake aiki, don haka kada ka zana ta tun kana shekarar farko ta aiki. Ka kuma lissafa kuɗin tafiya: mota daga Garwa zuwa Ngaundare, jirgin ƙasa na dare zuwa Yawunde, da masauki. Ka isa kwana biyu kafin ranar, ka sauka wurin 'yan'uwa a unguwar Birikitiri ka huta, domin wanda ya kwana zaune a jirgi ba ya jin abin da ake faɗa a lasifika.

Mataki na shida: tantance digiri da tara kuɗi

Kanada ba ta ba da makin karatu sai wata hukuma da ta amince da ita, kamar WES, ta auna digirinka da nasu, kuma rahoton yana aiki shekara biyar. Jami'arka ce za ta aika da sakamakonka kai tsaye, ba kai ba, kuma wannan yana iya ɗaukar watanni. Ka je da ƙafarka, ka san ofishin da ke yi, ka riƙa bibiya. Wanda ke riƙe da takardar wucin gadi ta kammala karatu ya fara neman asalin digirinsa tun yanzu. Ga Jamus kuwa, ka duba ko jami'arka da digirinka suna cikin Anabin, rumbun bayanan da Jamus ke lissafa jami'o'i da digirorin ƙasashen waje.

Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. A 2025 mutum ɗaya sai ya nuna wa Kanada yana da dalarta 15,263 a ajiye, wato sama da sefa miliyan shida, kuma adadin yana ƙaruwa da kowane mutum a iyali, ban da kuɗin neman izinin zama da aka mayar dala 1,525 ga babba a Afrilun 2024, da na likita da na jarrabawa. Kuɗin ba zai zama bashi ba, kuma wasiƙar banki za ta nuna matsakaicin abin da ke asusun cikin wata shida. Mu da dukiyarmu ke cikin adashi ko shanu ko fili, sai mu mayar da ita banki da wuri, tare da takardar cinikin da ke nuna asalinta. Miliyan biyar da suka faɗo asusu dare ɗaya tambaya za su jawo.

Mataki na bakwai: shigar da buƙata

Da sakamakon harshe da rahoton digiri da fasfo a hannu, ka buɗe asusunka da kanka a shafin hukumar shige da fice ta Kanada, wanda akwai shi da Faransanci. Ba a buƙatar ɗan tsakani. In har za ka biya wani ya wakilce ka, doka ta yarda da lauya ne ko mai ba da shawara da sunansa ke cikin rajistar hukumar da ke ba su lasisi a Kanada, kuma rajistar a buɗe take ga kowa ya duba.

Ka bayyana iyalinka duka, ko da ba za su bi ka yanzu ba, domin matar ko ɗan da aka ɓoye yana iya rasa damar biyo ka daga baya. Auren da aka ɗaura a masallaci kaɗai sai an yi masa rajista a ofishin magajin gari kafin ya zama takarda, kuma mai mata fiye da ɗaya ya sani tun kafin ya kashe ko sisi cewa Kanada ba ta amincewa da aure fiye da ɗaya. Wannan magana ce da za a zauna da iyaye da iyali a yi ta tun farko.

Idan gayyata ta zo, kwana 60 ne kacal gare ka ka ɗora komai: wasiƙun aiki, wasiƙar banki, gwajin lafiya wurin likitan da suka amince da shi, da takardar shaidar rashin laifi daga kowace ƙasa da ka zauna wata shida a jere cikin shekara goma da suka wuce, bayan ka cika shekara 18, abin da ya shafi duk wanda ya yi karatu a Najeriya ko ya yi aiki a Chadi. Hangen Dala ba shiga birni ba ne, don haka kada ka ajiye aikinka ko ka sayar da babur ɗinka sai biza ta shiga fasfo. Ɗan yayata dai miliyan biyunsa, da ya yi niyyar rantowa, ba su fita ba; yanzu wata na biyar ke nan yana aiki da kwantaragi a wata cibiyar ba da lamuni, kuma ranar Talata zan raka shi kotu kan batun harafi biyun da suka raba sunansa.